Tace Bes Daga Tsofaffin Kaɗe-kaɗe a Kiɗan Hip-hop: Dabarar New York a Kunnen Mutanen Tchaké

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi wata dabara da masu haɗa kiɗan hip-hop suka ɓullo da ita a birnin New York tsakanin ƙarshen shekarun 1980 da farkon na 1990, wato a ɗauko gutsure daga tsohon faifai, a tace shi har sai kaurin sautinsa kaɗai ya rage, sannan a mayar da shi bes na sabon kiɗa. An auna dabarar da yanayin Tchaké ta gundumar Mayahi a jihar Maraɗi, inda kaɗe-kaɗen gado na kalangu ne da ganga da garaya da ƙwarya, sauraro kuma galibi a waya da rediyo da ƙananan lasifikoki ake yin sa. Maƙalar ta nuna cewa dabarar na iya aiki a nan idan aka gyara mata zama ta fuska biyu. Ta kuma nuna cewa matatar da ke ɓatar da sawun gutsure a Amurka ba ta ɓatar da shi a ƙasar Hausa, domin abin da take bari, hawa da saukar amo da tsawonsa, da shi ne Bahaushe ke gane take.

1.0 Gabatarwa

An yi rubuce-rubuce a kan gambarar zamani, wato hip-hop, a Nijar da arewacin Nijeriya, amma akasarinsu a kan baitoci suka tsaya: me mawaƙi ya ce game da talauci, ko siyasa, ko zaman kashe wando. Kiɗan da ke ɗauke da baitocin bai cika samun mai duba shi ba, balle ɓangarensa na can ƙasa, wanda ake kira bes. Alhali bes ne ke sa kai ya riƙa kaɗawa tun mawaƙi bai buɗe baki ba.

Hanyoyin samar da bes uku ne a taƙaice. Ko a kira mai jitar bes ya kaɗa, ko a danna shi a kan fiyano ko kwamfuta, ko kuma a tsamo shi daga kiɗan da wani ya riga ya yi. Hanya ta ukun ce abin nazarinmu. Za a fara da bayanin yadda matatar sauti ke aiki, sai tarihin dabarar, sannan a kawo ta gida a ga inda ta dace da inda ta ci karo da kunnen mai sauraro na Tchaké da maƙwabtanta irin su Kanan Bakashe da Mayahi da Tasawa.

2.0 Yadda matatar sauti ke aiki

Sauti kaɗawar iska ce, kuma ana ƙidaya ta da awon haz (Hz), wato sau nawa iskar ta kaɗa a daƙiƙa guda. Kunnen matashi mai lafiya yana kama daga wajen Hz 20 zuwa Hz 20,000. Abin da ya yi ƙasa shi ne kauri, abin da ya yi sama shi ne kaifi. Jitar bes mai tsirkiya huɗu tana zaune can ƙasa: tsirkiyarta mafi kauri tana ba da Hz 41, siririyar kuma Hz 98.

Babu tsirkiyar da ke fitar da amo guda tilo. Idan ta ba da Hz 55, to a lokaci guda tana ba da 110 da 165 da 220 da 275, haka har sama, kowanne ninkin na farkon ne. A wannan maƙala za mu kira na farkon uwar amo, sauran kuma 'ya'yan amo. Uwar ce ke faɗa wa kunne tsayin murya, 'ya'yan kuma su ke bambanta jita da sarewa ko da a tsayi ɗaya suke.

Matatar da ake magana a kai tana barin na ƙasa ya wuce, ta danne na sama. Abu biyu mai haɗa kiɗa ke saitawa a jikinta. Na farko iyaka, wato inda dannewar za ta fara. Na biyu gangara, wato tsananin dannewar, wadda yawanci desibel 12 ce ko 24 a duk lokacin da kaɗawa ta ninka. Idan aka sa iyaka a Hz 200 da gangarar 24, abin da ke Hz 400 zai ragu da kimanin desibel 24, na Hz 800 kuma da kimanin 48, wato ya kusa ɓacewa. Wasu matatun suna da maɓalli na uku da ke ƙara wa sautin da ke bakin iyakar ƙarfi, har a ji bes ɗin ya kumburo.

Abin da ya kamata a riƙe a nan shi ne, matata kamar rariya take: ba ta san gero ba, ba ta san dawa ba, girman ƙwaya kawai ta sani. Ba ta raba jita da ganga, ko ganga da murya. Duk abin da ke ƙasa da iyaka zai wuce, ko na wane ne. A kan wannan gaskiya sauran bayanin maƙalar ya ginu.

3.0 Inda dabarar ta samo asali

Ana danganta haihuwar hip-hop da wani casu da DJ Kool Herc ya kaɗa ranar 11 ga Agustan 1973 a gida mai lamba 1520 kan titin Sedgwick a unguwar Bronx. Da faifai biyu iri ɗaya yake maimaita gaɓar da ganguna suka yi zafi. Da na'urorin ɗaukar gutsure suka yi arha a shekarun 1980, sai aikin ya tashi daga hannun mai juya faifai ya koma cikin akwati.

Akwatin da ya fi suna shi ne E-mu SP-1200 na shekarar 1987. Daƙiƙa goma kacal yake iya riƙewa, kuma gutsure guda ba ya wuce daƙiƙa biyu da rabi. Wannan ƙunci ne ya koya wa masu kiɗa tattali. Sukan juya faifai mai gudun 33 a gudun 45 domin gutsure ya gajarce ya shiga, sannan su sauke muryarsa a cikin na'ura ya dawo daidai. Wasu daga cikin kafofin fitar sautin akwatin suna da matata a jikinsu, kuma Akai S950 da ya fito a 1988 yana da tasa matatar da ake iya saitawa yadda ake so. Sai aka gane cewa gutsure ɗaya na iya yin aiki biyu: a tace shi ya zama bes a ƙarƙashin baiti, inda ake son mawaƙi ya sami fili, in an zo amshi a buɗe matatar, ƙahoni da fiyano da jita su bayyana gaba ɗaya.

Pete Rock da Large Professor da 'yan ƙungiyar Da Beatminerz na cikin waɗanda suka yi fice a wannan salo. Waƙar "They Reminisce Over You" ta Pete Rock da CL Smooth, wadda ta fito a 1992, an gina ta ne a kan kiɗan "Today" na Tom Scott na 1967. Kundin "Enta da Stage" na Black Moon na 1993 kuwa, kusan duk jikinsa wannan bes ne mai duhu, mai kama da wanda ake jiyowa ta bayan bango.

Dabarar ta yi nasara a can saboda sharuɗɗa biyu da ba a cika ambatonsu ba. Na farko, faifan jaz da sol da fank na shekarun 1960 da 1970 suna da mai kaɗa bes na musamman, wanda shi da babbar ganga kaɗai ke zaune ƙasa da Hz 100, don haka matata na samun abu tsaftatacce. Na biyu, a manyan lasifikokin mota da na gidan rawa ake jin kiɗan. Akwai kuma wani amfani da ya biyo baya. A Disamban 1991 wata kotu a New York ta yanke hukunci a kan Biz Markie saboda ɗaukar gutsuren waƙar Gilbert O'Sullivan ba da izini ba. Daga nan neman izini ya zama dole kuma ya yi tsada, sai tacewa da daddatsawa suka zama hanyar ɓad da kama, domin bes da aka raba da ƙahoninsa da muryarsa yana da wuyar ganewa.

4.0 Hip-hop a Nijar da yanayin Tchaké

Gambarar zamani ta kama ƙasa a Yamai a shekarun 1990, kuma ƙungiyoyi irin su Lakal Kaney da Kaidan Gaskiya da Wass-Wong, da mawaƙiya ZM, suka rera ta da Hausa da Zabarmanci da Faransanci. Littafin Adeline Masquelier na 2019 a kan fadar samari ya nuna yadda wannan kiɗa ya shiga zaman shayin samari. Daga kudu kuma akwai tasirin Kano da Kaduna. Abdalla Uba Adamu ya yi bayanin yadda fiyanon Yamaha samfurin PSR ya mamaye ɗakunan kiɗan Kano daga ƙarshen shekarun 1990, har ya haifar da salon nanaye. A wannan salo danna bes ake yi, ba tsamo shi ba. Mawaƙa irin su ClassiQ da Morell da DJ AB, da shirye-shiryen tashar Arewa24 da aka buɗe a 2014, sun ƙara kusanto da hip-hop na Hausa ga matasan iyakar ƙasashen biyu.

Tchaké ƙaramar hukuma ce ta karkara, ta manoman hatsi da wake da gyaɗa da masu kiwo. Waƙa na isowa irin waɗannan garuruwa a katin waya: a wurin mai caji, a ranar kasuwa, ko a aljihun ɗan ci-rani da ya dawo daga Maraɗi ko Kano ko Agadas. Irin wannan musayar ce Christopher Kirkley ya tattara a kundin "Music from Saharan Cellphones" na 2011. Kayan haɗa kiɗa ma sun sauko. Abin da a 1987 sai mai dubban daloli, yau manhajojin FL Studio da BandLab da Audacity suna yin wanda ya fi shi, wasunsu a cikin waya. Matsalar daƙiƙa goma ta kau. Sai dai sharuɗɗan nan biyu da suka ɗaga dabarar a New York, babu ko ɗaya da ya cika a nan.

5.0 Gyara na farko: ina bes yake a kiɗan Hausa?

Wanda ya ɗauki kaset ɗin Mamman Shata ko Musa Ɗanƙwairo ya ɗora masa matata a Hz 100 zai tarar da kusan wayam. A rukunin makaɗan Hausa babu wani da aikinsa kawai shi ne riƙe can ƙasa da amo mai tsayawa. Kuntigin Ɗanmaraya Jos da kukuma da goge sama suke. Kalangu da kotso suna tsakiya, kusa da muryar namiji. Masu kauri su ne tambari, da gangar noma, da komo na maharba, da ƙwaryar da mata ke kifawa a kan ruwa a kiɗan amada. Ga shi kuma ƙananan rikodojin da aka ɗauki yawancin kaɗe-kaɗen biki da su ba sa kama can ƙasa sosai. Abin da sukan bari a wurin shi ne hucin iska a bakin makirfo, da gunjin wutar lantarki na Hz 50.

Duk da haka tsohon kaset yana da wata falala. Shuuu ɗin da ke damun mai sauraro a sama yake, haka ma yawancin ɓarnar da matse waƙa zuwa MP3 ke yi. Matata na share su duka. Kaset ɗin da ya gaji har ba ya sauraruwa na iya ba da bes mai tsafta.

A ce ga gutsuren kalangu na daƙiƙa huɗu daga wani biki, inda makaɗi ya sami fili shi kaɗai kafin 'yan amshi su shigo. Matakin farko shi ne a yanke duk abin da ke ƙasa da wajen Hz 60 ko 70, domin a kori iska da gunjin lantarki tun ba a ƙara musu ƙarfi ba. Na biyu, a sa iyakar matata sama da yadda ake yi wa faifan Amurka, tsakanin Hz 250 da 300, a riƙa saukar da ita a hankali ana saurare. Ƙarar makaɗi a kan fata, wannan "tas" ɗin, ita za ta fara tafiya. Sai hayaniyar 'yan biki da guɗa su bi ta. Abin da zai rage shi ne amo mai laushi, yana miƙewa sama idan makaɗi ya matse tsirkiya a hammata, yana zamewa ƙasa idan ya saki. Na uku, a sauke muryar gutsuren da ninki guda, abin da ke Hz 160 ya koma 80. A tsohuwar hanya wannan na ninka tsawon gutsure, amma manhajojin yanzu na iya sauke murya su bar gudu yadda yake.

Kimiyyar sauti na goyon bayan wannan aiki. Fatar ganga ba kamar tsirkiya ba ce, 'ya'yan amonta ba ninki-ninki suke ba. A lissafin fata mai da'ira, na biyu ya ninka uwar sau 1.59, na uku sau 2.14. Wannan rashin jituwa ne ke sa ganga ta zama ganga a kunne. Idan matata ta danne su, uwar amo ta rage ita kaɗai, sai ganga ta koma tana rerawa. Kunnen matasa ma ya riga ya saba da bes mai zamewa, daga gunjin Roland TR-808 da ake ja sama da ƙasa a kiɗan tiraf, da kuma bes mai kama da dukan turmi na amapiano daga Afirka ta Kudu. Kalangu ya daɗe yana wannan zamiyar.

Kuskuren da ya kamata a kauce wa shi ne tilasta wa wannan bes ya hau matakan fiyano. Makaɗin kalangu da muryar mawaƙinsa yake saita amo, ba da maɓallan Yamaha ba. Ya fi kyau a saita sauran kayan kiɗan su bi bes ɗin. Haka kuma manhajojin da ke rarraba waƙa da kansu, irin su Spleeter da kamfanin Deezer ya fitar a 2019, galibi an horar da su ne su raba waƙa gida huɗu: murya, ganguna, bes, da saura. Kalangu ganga ne mai aikin murya, don haka bai da gida guda a wannan rabo. Matata da kunnen mutum sun fi zama abin dogaro a nan.

6.0 Gyara na biyu: lasifikar waya

Ƙaramar lasifika ba ta iya tura iskar da Hz 60 ko 80 ke bukata. Ta waya takan fara magana ne daga ɗaruruwan haz. Wato dai bes ɗin da aka sha wahala aka tace har ya zama uwar amo zalla, idan ya isa fadar samari a Tchaké, babu shi. Za a ji baiti da tafi da ƙaramar ganga suna reto ba abin da ya tallafe su.

Maganin yana cikin wata ɗabi'a ta kunne da August Seebeck ya lura da ita tun 1841, J. F. Schouten kuma ya faɗaɗa bayaninta wajen 1940. Idan kunne ya ji Hz 220 da 275 da 330 tare, ƙwaƙwalwa kan cike gurbin uwarsu, ta ji kamar akwai Hz 55, ko da babu ita a iska. Shi ya sa ake gane muryar namiji a tsohuwar tarho, wadda ba ta ɗaukar abin da ke ƙasa da Hz 300, alhali uwar amon muryarsa na wajen Hz 85 zuwa 180.

Don haka bayan an tace kalangu an sauke shi, sai a ɗan ƙona shi, wato a tura shi cikin abin da ke murɗe sauti kaɗan. Murɗewar na haifar masa da sababbin 'ya'yan amo, wannan karon ninki-ninki, waɗanda waya ke iya fitarwa. Wata hanyar ita ce a ajiye kwafi biyu: na ƙasa domin babbar lasifikar biki, da na asali wanda ba a sauke ba, an tace shi sama-sama, yana tafe a kansa domin waya. Sai a kula kada bes da babbar gangar kiɗan su faɗi wuri ɗaya su danne juna. Gwajin ƙarshe kuma ba a belun kunne ake yin sa ba. A tura kiɗan cikin waya mai arha, a fita tsakar gida, a saurara.

7.0 Abin da matata ba ta gogewa

Nan ne zancen ya wuce na'ura. An ce matata ba ta san murya ba. Tunda uwar amon muryar namiji tana ƙasa da Hz 200, duk gutsuren da mawaƙi ke ciki, muryarsa za ta tsallake. Baƙaƙe irin su s da sh da ts, masu zama a dubban haz, za su tafi. Abin da ke bambanta wasali da wasali, wanda ke sama da iyakar, shi ma zai dushe. Abu biyu za su rage: hawa da saukar murya, da tsawon gaɓa.

Ga mai jin Ingilishi wannan guna-guni ne kawai. Ga Bahaushe kuwa rabin magana ne, domin Hausa harshe ne mai karin sauti, na sama da na ƙasa da faɗau, mai kuma bambanta dogon wasali da gajere. Da waɗannan biyun ne kalangu ke magana tun fil azal, shi da ba shi da baƙi ba shi da wasali. Binciken da Cecilia Durojaye da abokan aikinta suka wallafa a 2021 a kan gangar dundun ta Yarabawa ya nuna da awo yadda gangar ke bin hawa da saukar maganar mutum sau da ƙafa, kuma ita da kalangu gini ɗaya ne. Ashe matata na cire abin da ganga ba ta taɓa bukata ba, ta bar abin da take magana da shi.

Kiɗan Hausa kuma ba na kowa da kowa ba ne. Littafin David Ames da Anthony King na 1971 ya jera yadda kayan kiɗa ke bin sana'a da matsayi: kalangu na mahauta da 'yan dambe, dundufa ta maƙera, tambari da kotso da jauje na fada. A cikin kowanne akwai take, kiɗan da ke kiran mutum guda ko gida guda. Ɗan kokowa na da nasa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a jihar Maraɗi, wadda ɗanta Kantu ya lashe gasar ƙasa ta farko a Tawa a 1975. A bori ma, wanda Veit Erlmann da Habou Magagi suka rubuta littafi a kan girkarsa a yankin Maraɗi a 1989, kowane iska da kiɗansa na garaya.

Saboda haka yaron da ya tsamo bes daga kaset ɗin da bai san asalinsa ba, yana iya ɗora baitin soyayya a kan taken sarki, ko baitin wa'azi a kan kiɗan wani iska, ko habaici a kan taken gidan mahautan garinsu. Shi bai ji ba, domin kunnensa a kan kwamfuta ya tashi. Amma dattijuwar da ke surfe a bayan danga za ta ji, ta kuma san na wane ne. A birni mai cunkoso abin na iya wucewa. A gari irin Tchaké, inda makaɗi da mai take da mai waƙa duk a kasuwa ɗaya suke haɗuwa, ba ya wucewa.

Wannan kuma ba hatsari kaɗai ba ne, dama ce. Mai haɗa kiɗan da ya san take na iya sa bes ya faɗi abin da baiti bai faɗa ba. Waƙar da ke zancen ci-rani, an ɗora ta a kan kiɗan gayyar noma da aka tace, ta riga ta gaya wa manomi abin da aka baro a gida kafin a furta kalma ɗaya. Mai kiɗan New York ba shi da wannan kafa, domin bes ɗinsa ba ya magana.

8.0 Haƙƙin mai kiɗa

Nijar na cikin ƙungiyar kare haƙƙin mallakar fasaha ta OAPI da yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta kafa, kuma dokarta ta haƙƙin mallaka ta 2010 ta haɗa da kare kayan al'adun gargajiya. Hukumar BNDA ce ke kula da haƙƙin mawallafa da mawaƙa. Wato cewa "ai na gargajiya ne" ba ta mayar da kiɗa na banza. Amma tun kafin doka akwai al'ada: ba a jin kiɗan makaɗi a tashi ba a yi masa kari ba. Gutsuren da aka tsamo daga hannunsa aka yi waƙa da shi, ya fi cancantar wannan alheri. Tunda ɓad da kama ba ta yiwuwa a nan, hanya mafi sauƙi ita ce a je gidan makaɗin ko magadansa, a gaida su, a faɗi abin da ake so a yi, a tambayi taken na wane ne, a yi ciniki, a kuma ambaci sunansa a waƙar.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa tace bes daga gutsure dabara ce da ƙarancin kayan aiki ya haifa, kuma ta ginu a kan faifai masu jitar bes da manyan lasifikoki. A ƙasar Mayahi da Tasawa dole a ɗaga iyakar matata, a sauke muryar ganga, a kuma mayar wa bes 'ya'yan amon da waya za ta iya fitarwa. Ta kuma nuna cewa a harshe mai karin sauti, bes da aka tace yana riƙe da ma'anarsa da mai shi.

Daga nan shawarwari uku suka fito. Na ɗaya, Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi da cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya da ke Yamai su haɗa hannu da gidajen rediyon karkara wajen ɗaukar makaɗan da ke raye da makirfo mai kama kauri, kowane kayan kiɗa shi kaɗai. Na biyu, kowane gutsure ya zo da bayanin wanda ya kaɗa, da taken wane ne, da irin waƙar da makaɗin ya yarda a ɗora a kai, da kason da za a ba shi. Na uku, masana harshe su gwada da awo: a tace taken da aka sani a iyakoki daban-daban, a kunna wa tsofaffi da matasa a garuruwa irin su Tchaké, a ga a wace iyaka ganewa ke yankewa, kuma ko tana yankewa a wuri ɗaya ga tsara biyun. Sakamakon zai amfani mai haɗa kiɗa, zai kuma nuna wa masu nazarin Hausa yawan abin da ya rage na jin harshen ganga a kunnen 'yan baya.